Yadda za a yi ƙyallen shimfiɗa katin tarot ba tare da ɗinki ba

Malama, kin ce kina son ƙyallen da za ki riƙa baza katin tarot (katin da ake duba da shi, mai guda 78) a kai, amma ba ki da keke kuma ba ki iya ɗinkin hannu ba, sai tsoron kada bakin yadin ya warware.

Ki nemi yadin auduga mai ɗan kauri, ki wanke shi tukuna, domin wani yana zuba kuma zai iya ɓata miki kati. Ki yanke santimita 65 kowane gefe, wanda zai isa shimfiɗar kati 10 har ya naɗe duka 78 ɗin. Sai ki kalmasa bakin sau biyu, ki sa siririn tef mai gam (irin wanda zafin guga ke narkarwa ya manne yadi) a cikin ninkin, ki ɗora ɗanyen ƙyalle, ki danna dutsen guga ba tare da kin ja shi ba. A ganina wannan ya fi gam na ruwa, wanda kan ɓullo ta fuskar yadi ya bar tabo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da karan-miski ko siliki saboda kyansu. Guga tana kwantar da gashin karan-miski, siliki kuma santsi gare shi. Idan su kike so, gara ki kai wa tela.