Tambaya da Amsa: Ɗaukar Bidiyo a Firam 24

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon biki da tallan shaguna a Agege. Na mayar da kyamarata firam 24 a daƙiƙa don aikina ya fito kamar fim, amma a cikin ɗaki sai baƙaƙen layuka su riƙa hawa da sauka a hoton, a waje kuma rana ta ƙone fuskoki. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Laifin ba na firam 24 ba ne, wato hotuna 24 da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa, na saurin shota ne, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga kowane firam. Ƙa'idar masu fim ita ce a ninka adadin firam sau biyu, wato shota ta zama 1/48 na daƙiƙa. Kyamarori da yawa ba su da wannan, sai 1/50, kuma shi ne daidai da mu. Wutar lantarkin Najeriya tana gudu a 50Hz, wato zagaye 50 a daƙiƙa, don haka fitila kan ƙyafta sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na gani. A 1/50 kowane firam yana kwasar ƙyaftawa biyu cif, hasken ya daidaita. Da ka bar shi a 1/60, wanda ya dace da wutar Amurka, layukan nan za su fito. A kula, wasu kyamarorin sai an koma tsarin NTSC, wato tsarin bidiyon Amurka, kafin 24 ya bayyana, to nan ne ake mantawa da shota.

Ƙaramin janareto kuwa ba ya tsayawa a 50Hz. Da firji ya tashi sai gudunsa ya sauya. Idan ɗakin taron da shi yake aiki, ka riƙe fitilar LED mai batir, ka ɗauki gwajin daƙiƙa goma ka duba tun kafin amarya ta shigo.

Ranar Legas maganinta gilashin ND, mai duhu da ake ɗaurawa a gaban kyamara don rage haske. Ka sauke ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, ƙasa, ka ɗaura ND64 da tsakar rana, ND8 da la'asar sakaliya. Kada ka tura shota 1/1000 don rage haske, motsin mutane zai riƙa tsinkewa, kamannin fim ɗin ya tafi.

Tambaya: Yaya, ni daga Idi-Araba nake. Idan na haɗa bidiyon waya da na kyamara wajen tacewa, sai na wayar ya riƙa ɗingishi.

Amsa: Ƙanwata, wayarki firam 30 take ɗauka. Idan aikin na 24 ne, manhaja na zubar da firam ɗaya cikin kowane biyar, shi ne ɗingishin. Inda babu magana, rage gudun hoton zuwa kashi 80 cikin ɗari. Wanda aka ɗauka a 60 kuma zuwa kashi 40, ya ba ki tafiyar hawainiya mai santsi. A manhajar tacewa ta DaVinci Resolve ki saita adadin firam tun kafin ki shigo da hoto ko ɗaya, domin daga baya yana kullewa. Idan kuma gidan talabijin za a kai aikin, ki ɗauka a 25 tun farko, shi ne tsarin PAL da tashoshinmu ke bi.