Turaren nish ko na dizaina, wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce kana tara kuɗi ne don Creed Aventus, amma kana tunanin ko Dior Sauvage zai wadatar. To, ga abin da na sani.

Na dizaina turare ne na kamfanonin sutura irin su Dior da Chanel, ana yinsa don ya burge kowa. Shi ya sa in ka shiga ɗaurin aure a Abuja sai ka ji Sauvage a jikin mutum uku kafin ka samu kujera. Na nish kuwa gidajen da turare kaɗai suka sa a gaba ne ke yi, kamar Creed mai yin Aventus, da Amouage na ƙasar Oman da aka kafa a 1983. Ƙamshinsu yakan fita daban, ba kowa ne zai so shi ba, kuma kuɗinsu yakan ninka na dizaina.

Amma tsada ba ita ce daɗewa ba. Na taɓa sayen wani mai tsada, zafin watan Maris ya cinye shi kafin azahar, alhali humrar da uwargida ta shafa wa hulata tana nan har washegari. Kada ka gwada a takarda. Ka fesa a wuyan hannu, ka fita rana, ka shinshina bayan awa huɗu.

In Aventus ɗin ne ya shiga ranka, fara da turaren Club de Nuit Intense Man na kamfanin Armaf, suna kama sosai. A kasuwar Wuse dai ka duba kwali da kyau, jabu ya yi yawa.