Shin kiran ɗan sanda da "kurtu" zagi ne?

Wani mai karatu daga wani ƙaramin gari a jihar Katsina ya ce ranar kasuwa ɗan sanda ya tare shi a shinge, shi kuma ya ce masa, "Kurtu, ga takardun babur ɗin." Nan take mutumin ya haɗe rai, har maganar ta kai su caji ofis. Yana tambaya: zagi ya yi?

Malam, a asali ba zagi ba ne. Kurtu aro ne daga Turanci, ma'anarsa sabon ɗauka, wanda bai daɗe da shiga aikin soja ko na 'yan sanda ba. Tare suka shigo bakinmu da kofur da saje da sufeto. Sai dai Bahaushe ya faɗaɗa kalmar, har ta koma nufin wanda bai goge ba. Idan mutum ya shekara goma sha biyar yana aiki, ga igiya uku a hannun rigarsa, ka kira shi kurtu a gaban 'yan kasuwa, ka tuɓe masa igiyoyin nan da baki. A ƙaramin gari abin ya fi ciwo, domin gidan da yake haya na maƙwabcinka ne, sahu ɗaya kuke sallah, kuma kafin magariba yara sun mayar da sunan laƙabinsa. Da "ofisa" ko "yallaɓai" ka ce, ba abin da zai ragu a jikinka. Amma ban ba ɗan sandan gaskiya ba: jin haushin suna ba ya cikin laifukan da doka ta yarda a tsare mutum a kansu.

Wata baiwar Allah kuma ta ce har gobe kakanta "ɗan doka" yake cewa, ko kuskure ne? Ba kuskure ba ne, tarihi ne a bakinsa. Kafin Turawa, dogarai ne masu kamu da horo a madadin sarki. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, aka kafa 'yan doka ƙarƙashin sarakuna, su kuwa 'yan sanda na gwamnati ne, waɗanda aka haɗe rundunarsu ta Arewa da ta Kudu a 1930. Talakan ƙauye ɗan doka ya sani, shi ke biyo shi kan kuɗin haraji da jangali, shi ke kama 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a shekarun 1950. Sai bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya. Ki saurari muryar tsohon in ya ambaci sunan, za ki gane ko ya taɓa shiga hannunsu. A Nijar kuwa, in kin fita birni, jandarma za ki fi gamuwa da shi.

Ta kuma tambayi ma'anar "mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi". Ana faɗinsa ga wanda ya hana abu, sai ga shi dumu-dumu a ciki. Doka a nan hani ce, ba sai ta hukuma ba, don haka ya hau kan uba da malami da shugaba. Direbobi na yawan jefa shi idan suka ga mai tambayar takardu a kan babur marar lamba, amma sai sun wuce shingen suke faɗa.