Wayar netwok ba ta wuce mita 100

Ka tambaye ni ko za ka iya jan wayar netwok nau'in Cat6 guda ɗaya daga suwic (na'urar da ke rarraba netwok) zuwa kyamarar da ke nisan mita 130. Kada ka fara, yarona.

Ƙa'ida mita 100 ce daga na'ura zuwa na'ura: mita 90 na wayar da aka binne a bango ko bututu, mita 10 kuma na gajerun wayoyin haɗi na gefe biyun gaba ɗaya. Tsawon waya ake aunawa, ba tazarar ƙasa ba. Hawa bango, sauka, kwana, har rarar da ka naɗe a bayan akwati, duk suna cikin lissafi. Duba lambar mita da aka buga a jikin rigar wayar a farko da ƙarshe, ka ɗebe ƙaramar daga babbar.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ko an wuce iyaka fitilar suwic takan kama. Amma sigina ya riga ya raunana a hanya. Sai gudu ya faɗo daga gigabit ɗaya (megabit 1000) zuwa megabit 100, hoto ya riƙa tsinkewa. Idan kyamarar ta cikin wayar take shan wuta, wato PoE, da rana lafiya lau. Dare na yi fitilunta suka kunna, wutar ta gaza, sai ta dinga mutuwa tana tashi. Wayar da ta bi rufi mai zafi ta fi saurin gazawa, haka ma mai arahar nan da cikinta alminiyam ne aka shafa wa tagulla.

Cat6 ba ta fi Cat5e, nau'in wayar da ya gabace ta, nisa ba. A gudun gigabit 10 ma mita 55 ce iyakar Cat6.

Maganin shi ne ka sa abin da zai sabunta sigina a tsakiya, misali a mita 70. Ƙaramin suwic ya isa idan akwai wuta a wurin, kuma daga nan lissafin mita 100 ya koma farko. In babu wuta, sa na'urar ƙara nisa ta PoE, amma ka sani ita ma tana cin nata rabon wutar. Haɗa waya biyu da mahaɗi ba ya sabunta komai, asara yake ƙarawa.

Idan kuwa tsakanin gini da gini ne, ja faiba, wato wayar da ke aika sigina da haske. Wayar tagulla irin Cat6 tana iya ɗauko tsawa ta ƙone maka suwic biyun.