Wasiƙunku: Za mu kai ɗalibai Tula, wane lokaci ya fi?

TAMBAYA: Malam, ni malama ce a wata makarantar sakandare a cikin garin Bauchi. Muna so mu kai ɗaliban ajin ƙarshe yawon buɗe ido, to amma Yankari sun je har sun gaji. An ba ni labarin Tula ta jihar Gombe, wai gari ne a kan dutse. Me za mu gani a can, kuma hutun Disamba ya yi?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Tula ta cancanci zuwa, amma in so samu ne kada ki bari sai Disamba. Abin da ke kai mutum Tula shi ne hange, ka tsaya a bakin tsauni ka ga ƙasa shimfiɗe ƙarƙashinka har iyakar ganinka. To, daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe duk wannan, ku sha wahalar hawa ku tarar da farin ƙura kawai. Maris da Afrilu kuwa dutse ya ɗau zafi, yara za su galabaita. Ni lokacin da nake koyar da labarin ƙasa a wannan yankin, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba nake fita da ɗalibaina. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, dawa ta yi kai, sararin sama kuma garau. Ki roƙi shugaban makarantarku ya ba ku Juma'a da Asabar a cikin zangon karatu.

Ba tafiyar je-ka-dawo ba ce daga Bauchi. Tsakaninku da Gombe kawai kusan kilomita 150 ne ta Alkaleri, sannan ku ɗauki hanyar Yola, ku wuce Kumo da Billiri ku isa Kaltungo, wadda Tula ke cikin ƙaramar hukumarta. Ku kwana Gombe ko Kaltungo, ku yi sammako. Bayan an ratse daga babban titi hanya takan fara hawa tana lanƙwasa, don haka a duba birkin motar tun daga gida, kuma a samu direban da ya san saukowa da giyar mota, ba mai danne birki har ya yi hayaƙi ba.

Kafin ku kai ma akwai darasi. Tun daga wajen Billiri za ku fara hango wani dutse mai tsini ya yi fice shi kaɗai kusa da Kaltungo, wanda ake kira Dutsen Kilang, wasu kuma su ce Dutsen Tangale. Tsohon maƙogwaron dutse mai aman wuta ne: narkakken dutsen da ya daskare a ciki ya fi na kewayensa tauri, ruwa da iska suka cinye na gefe a hankali, shi ya rage a tsaye. Ki tsayar da mota minti goma yara su zana shi a littafinsu.

Ita Tula kashi uku ce, Wange da Baule da Yiri, mutanenta kuma suna da harshensu, ko da yake Hausa za ta kai ku ko'ina. Kirarinsu “Tula maza ba tsoro”, kuma in kin ga inda kakanninsu suka zaɓi zama za ki gane dalilin da mahaya dawaki suka sha wuya da su. Turawan mulkin mallaka ma sun so wurin saboda sanyinsa, har suka zaunar da mulkin yankin Tangale-Waja a can. Gidan yarin da suka gina yana Tula Wange, kuma har yanzu ana aiki da shi, saboda haka ki gargaɗi yara kada wani ya ɗaga waya ya ɗau hotonsa.

Amma abin da na fi so ki ba wa lokaci, wanda yawancin baƙi ke wucewa ba su ko waiwaya ba, shi ne gonakin gefen tsauni. Manoma sun jera duwatsu layi-layi sun yanka gangaren hawa-hawa kamar matakalar bene, ba siminti, ba komai sai hannu da ido. Idan ruwan sama ya gangaro, kowane layi yakan rage masa gudu, ƙasar da ya kwaso ta tsaya a bayan duwatsun, ruwan ya samu damar nutsewa. Da haka ake noma dawa da gyaɗa da wake a wurin da ɗan Bauchi zai ce ko akuya sai ta yi tunani. Ki sa ɗalibai su auna faɗin hawa ɗaya a inda gangare ya yi tsanani, su sake aunawa a inda ya kwanta, su faɗa miki dalilin bambancin. Ki bar su su tambayi mai gonar sau nawa yake gyara jeren a shekara, da wanda ya koya masa. Zaizayar ƙasa da kuke karantawa a aji, wadda ta addabi unguwannin Gombe da kwazazzabai, ga mutanen da suka daɗe da sanin maganinta.

Sai dai fa gonar mutane ce, garin kuma garin mutane ne, ba wurin shaƙatawa mai ƙofa da tikiti ba. Ku aika takarda tun da wuri zuwa fadar Mai Tula, in kun iso ku fara zuwa gaisuwa, ku roƙi a haɗa ku da ɗan gari mai rakiya, ku kuma sallame shi da abin kirki. Shi zai nuna muku kogunan dutse da ake shiga da wuraren da al'ada ta hana baƙo takawa. Inda ya ce a'a, to a'a ɗin ce. Kada yara su hau kan jeren duwatsun gona, dutse ɗaya ya goce aikin wani ya lalace. Kiristoci suna da yawa a garin tare da Musulmi, don haka safiyar Lahadi ba za ku samu mai lokacinku ba. Ku taho da ruwan sha da abincinku, ku kuma kwashe ledojinku.

TAMBAYA: Baba, mu shida ne 'yan Tudun Wadan Gombe, muna son hawan duwatsun Kaltungo da Tula, amma mahaifiyata ta ce ƙasar macizai ce. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗana, mahaifiyarka ba ta yi ƙarya ba. Ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, har daga jihohin maƙwabta ake kawo mutane. Wadda ta fi ɓarna ita ce kububuwa. Gajeriya ce, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa, tana son ƙarƙashin dutse da tarin kara, kuma ta fi yawo daga magariba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa mutum zai ga kamar lafiyarsa ƙalau, can sai dasashi ya fara jini.

Wannan bai hana hawa ba. Ku sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri, silifas a bar shi a gida. Kada ka cusa hannu a ramin da idonka bai ga cikinsa ba, kada ka juya dutse da hannu, ku sauko kafin rana ta faɗi. In tsautsayi ya gitta, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya, kuma kada a ɓata lokaci wajen baƙin dutse ko jiƙo. A cire zobe ko agogo saboda kumburi, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi a babur ko mota zuwa asibiti nan take, ko da ya ce ba ya jin komai. Shi kuwa tsinin Kilang, ƙoƙuwarsa ba wurin gwada jarumta ba ne. Ku tsaya inda mai rakiyarku ya tsaya. Ka nuna wa Hajiya wannan amsar, in ta amince ka je.

TAMBAYA: Malam, gwiwoyina sun daina hawan dutse, amma jikoki sun dame ni da in fitar da su. Ina ne kusa da Gombe?

AMSA: Alhaji, Dadin Kowa. Madatsar ruwa ce a kan kogin Gongola cikin ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, ƙasa da kilomita 40 daga Gombe a hanyar Biu, kuma daga nan garin Gombe ke shan ruwa. Kana zaune a inuwa za ka nuna musu Dutsen Bima, ka ba su labarin masu jiran Mahadi da suka yi ta ƙaura zuwa wannan yanki, har zuwa yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, can wajen Bajoga. Ka nemi izinin masu gadi kafin ku matsa kusa da ginin madatsar. Wanka dai a hana yara, akwai tsargiya a irin wannan ruwa, akwai kuma dorina. Kifi kuwa ka je da wuri, kafin 'yan sari su kwashe na masuntan safe.