Amsa ga mai son kai yara Ɗa'ifa daga Makka

Hajiya, kin ce kuna Makka, yara uku ne, mai shekara 2 da mai 4 da mai 7, kuna son ku hau Ɗa'ifa su ga dabbobi su yi wasa a lambu, kina tambaya ko yini ɗaya zai isa da abin da za a riƙe. Zai isa, in dai an tsaya a wuri biyu: gidan namun daji da lambu guda. Masu haɗa tsaunin Shafa da motar igiya ta tsaunin Hada da gonar fure duk a rana ɗaya da ƙananan yara, kuka suke kwasowa.

Hanyar ita ce rabin aikin. Tsakanin Makka da Ɗa'ifa ta Hada bai kai kilomita 100 ba, amma hawa ne tun daga gindin dutse har kusan mita 2,000, kwana bayan kwana. Nan ne yara ke amai. Kada a ɗura musu madara ko soyayyen abu kafin a tashi, busasshen burodi da ɗan shayi ya wadatar, a yi karin kumallo sosai in an kai sama. A karɓe waya daga hannunsu, domin kallon allo a mota kan hanya mai lanƙwasa shi ke tayar da zuciya. Leda uku da tawul da kayan canji su zauna a gefenki, ba a but ba, don ba ko'ina ake samun wurin tsayawa ba. In ƙaramin ya fara kama kunne, ki ba shi abin tsotsa ko ruwa, haɗiya ke buɗe kunnen. Dokar hanya ta hana yaron da bai kai shekara 10 ba zama a gaba, saboda haka duk ukun baya, ƙananan a kujerarsu da bel.

Akan rufe hanyar Hada in ruwa ya yi ƙarfi ko hazo ya sauko. In haka ta faru sai a bi ta Sailul Kabir, ta fi nisa amma ta fi sauƙin kwana. Ki tuna wa maigida ya duba birki da ruwan lagireto tun ana gobe tafiya, kuma wajen saukowa ya sa ƙaramin giya. Taka birki tun daga sama har ƙasa na sa shi ya yi zafi ya daina kamawa.

Dabbar da ta fi haɗari a wannan tafiya ba ta cikin keji. Biran Hada ne, irin gwaggon birin nan masu furfurar wuya, da ke zaune a bakin titi da wuraren da ake tsayawa kallon kwari. Sun san leda, sun san ƙarar takardar cakulan, kuma sun gane yaro ya fi babba sauƙin ƙwace. Babban namiji yakan kai kilo 20 ko fiye, fiƙarsa ta kai ta kare. Gilashi a rufe, a kalle su daga cikin mota. In kin ga biri ya wangale baki kamar mai hamma yana ɗaga gira, ba barci yake ji ba, gargaɗi ne. Kada a zura masa ido, kada a ruga, ki ɗauki yaron ki ja da baya a hankali. In ya riga ya kama leda, a sakar masa. Ba su abinci ma hukumar kula da namun daji ta hana, ana cin tara a kai. In tsautsayi ya sa an yi cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar saboda allurar cizon mahaukacin kare da ta tetanus, ko da ciwon ɗan ƙarami ne. Lambar gaggawa 911 tana aiki a duk yankin Makka har Ɗa'ifa.

Tsarin yinin kuwa, barcin mai shekara 2 ne zai yanke shi. Ku tashi da safe, ku kama shiƙƙa (ɗakin haya mai kayan ɗaki) ta kwana ɗaya ko istiraha (gidan hutu na haya), a yi Azahar a ci abinci a kwanta. Wurare irin gidan namun daji da lambu sun fi buɗewa bayan La'asar, kuma lokutansu na sauyawa da azumi da hutun makaranta, don haka ki duba a ranar kafin ku fita. Daren Alhamis da Juma'a da Asabar cunkoso ne, musamman a hutun bazara. Talata ko Laraba ta fi.

A gidan namun dajin, awa ɗaya da rabi ita ce iyakar haƙurinsu. Ku fara da abin da mai shekara 7 ya zo gani, zaki ko kura, tun ƙafa ba ta gaji ba, a ƙare da zomaye da tsuntsaye. Kada a ɗora yaro kan shinge don ya gani da kyau, a ɗauke shi a kafaɗa. Jimina na saran abu mai ƙyalli, ɗan kunne da abin hannu, kuma wuyanta ya fi yadda ake zato tsawo. Raƙumi a bar hancinsa da bakinsa, kuma kada a ba yara ɗanyen nononsa da ake sayarwa a bakin hanya: cutar MERS da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012 tana da alaƙa da raƙuma, ga zazzaɓin Malta da ke bin madarar da ba a tafasa ba. Fida da abin tsotsa su zauna a jaka sai an fito. Wanda ya shafa akuya ko zomo ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci komai, domin gudawar da ke biyo bayan irin wannan fita daga hannu zuwa baki take, kuma 'yan ƙasa da shekara 5 ta fi kayarwa. Man goge hannu na kwalba taimako ne kawai, ba ya maye gurbin sabulu.

Daga nan ku wuce lambun Rudaf kafin Magariba. Yana da faɗi, ga ciyawa ga manyan duwatsu, shi ya sa keken turawa zai yi miki amfani a nan. Duwatsun na jan yara, kuma silifas na zamewa a kansu, a sa musu kambas. Tun a mota ki ɗauki hoton kowa da kayan da ke jikinsa, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun manyan biyun, ki nuna musu masu gadi da irin rigarsu.

Abin riƙewa: darduma, ruwa aƙalla lita ɗaya ga kowane yaro, famfas biyar ko shida, maganin zazzaɓi, filasta, iƙama (katin izinin zama), da rigar sanyi ko da a watan Yuli ne. Mutanen Makka kan raina sanyin Ɗa'ifa, sai rana ta faɗi a ga yara na karkarwa cikin 'yar shimi. Gawayi ki bar shi a gida, ba a hura wuta kan ciyawar lambu. In kun sayi barshumi (wani ɗan itace mai ƙaya a bawonsa) a hanya, mai sayarwa ya ɓare muku, ƙayarsa siririya ce, in ta shiga tafin yaro sai da hantsaki. Tun da kun riga kun kama shiƙƙa, ku kwana ku sauko da safe, ya fi bin hanyar Hada mai lanƙwasa da dare da direban da ya yini a tsaye.