Yaya zan kulle takarduna a kwamfutar da muke amfani da ita tare?

Malam, ka ce ƙannenka suna taɓa kwamfutarka, kuma kana da takardun da ba ka son kowa ya gani. To, ɓoye folda ba kullewa ba ne, yaro mai wayo zai tono ta cikin minti ɗaya.

Ni dai 7-Zip nake ba mutane shawara, manhajar dunƙule fayiloli ce, kuma kyauta ce. Ka zaɓi fayilolin, ka dunƙule su a tsarin 7z, ka sa kalmar sirri. Da tsarin kulle bayanai na AES-256 take rufewa, wanda ba a fasa shi da ƙarfin tsiya. Ka kunna zaɓin rufe sunayen fayil ma, don suna kaɗai yakan tona asiri. Bayan nan ka goge na asali har daga kwandon shara. Nan mutane da yawa ke yin sakaci.

In takardun kullum kake buɗe su, manhajar VeraCrypt ta fi sauƙi: tana yi maka akwati rufaffe da ke buɗewa kamar filashi.

BitLocker kuwa, wato makullin faifan kwamfuta na Windows, maganin ɓarawo ne, ba na ɗan gida ba. Da zarar an shiga Windows, komai a buɗe yake.

Kalmar sirrin ta zama doguwa, ba ranar haihuwarka ba. In ka manta ta, ko masu gyaran waya na Farm Centre a Kano ba su iya dawo maka da komai.